Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin mata na jihar Tawa kan matar da awon nononta bai kammala ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena masu jagorancin ƙungiyoyin mata a cikin garin Tawa da sauran sassan jiha, daga Ƙonni da Madawa har Illela, Keita, Buza da Abalak, ina gaishe ku da ɗawainiya, ina yi muku ban gajiya.

Duk shekara in watan Oktoba ya kama, ku ne kuke bi gida-gida kuna lallashin mata su fito a duba musu nono. Ku ne kuke shawo kan mai jin kunya, ku ba mai goyo haƙuri ta tsaya a layi cikin rana. Ba don ku ba, da yawa cikinmu ba za su taɓa yarda wani ya ɗora hannu a ƙirjinsu ba. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai akwai wata mace da nake so ku waiwaya ku duba, wadda ake mantawa da ita da zarar an naɗe tabarmi an kwashe kujeru. Ita ce wadda aka miƙa wa takarda aka ce, "Ba mu tabbatar ba tukuna, sai an ƙara dubawa." Takan koma gida, maigida ya tambaye ta abin da likita ya ce, ta amsa masa da cewa ba su ga komai ba. Daga nan zance ya mutu. Takardar ta shiga ƙarƙashin katifa, ƙullutun kuma yana nan a inda yake.

Ni tsohuwar malamar makaranta ce. Saboda ina karanta Faransanci, takardun likita na unguwarmu sukan biyo ta hannuna, kuma abin da idona ya gani a cikinsu shi ya hana ni yin shiru. An taɓa kawo mini wata da ta haura shekara a ajiye, ambulan ɗin har ya yi ja don ƙura. Ɗan matar, wanda ke karatu a kwaleji, shi ya fara duba mata ita tun ranar da ta karɓo. Ya ga lamba 0 a ƙasan shafi, ya ce, "Inna, sifili ne, ba ki da komai." Yaron bai yi ƙarya ba a iya saninsa, don a makaranta haka aka koya masa sifili. A takardar hoton nono kuwa, wannan lambar tana nufin aikin bai ƙare ba, a dawo. Yanzu haka matar tana Yamai ana yi mata magani, kuma maganin ya fi wanda za a yi mata a wancan lokacin nauyi da tsawo.

Don haka ina roƙon ku, ko da mace ba ta taɓa shiga aji ba, a koya mata gane abu ɗaya. In an yi hoton nono, wanda likitoci ke kira mamografi, ko aka yi eko, wato irin hoton da ake duba mai ciki da shi, a ƙarshen sakamakon ana rubuta haruffa uku, ACR, da lamba a gabansu. Wasu takardun sukan rubuta BI-RADS, duk abu ɗaya ne, tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito da shi, duniya ta ɗauka. Lamba 1 da 2 su ne na kwanciyar hankali: ko ba a ga wani abu ba, ko an ga abin da aka tabbata ba kansa ba ne, wato ba ciwon daji ba ne. Lamba 4 da 5 suna nufin sai an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji, kuma ko a lamba 4 ɗin, da yawa sukan fito ba kansa ba ce. Inda mata suke ɓacewa shi ne 0 da 3. Ita 0, likitan hoto yana cewa ne abin da ke gabansa bai ishe shi yanke hukunci ba, yana buƙatar wani hoton, ko eko, ko tsohon hoton matar ya gwada da sabo. Ita kuma 3, an ga wani abu da ake kyautata zaton ba shi da haɗari, yiwuwar ya zama kansa ba ta wuce 2 cikin 100 ba, amma da sharaɗin a dawo bayan wata 6 a ga ko ya canza. Wannan sharaɗin shi ne rabin sakamakon. Wadda ta ji "ba haɗari" ta manta da "wata 6" ba ta karɓi sakamakonta duka ba.

Haka ma wadda ungozoma ta lalube ta da hannu a wurin taro ta rubuta mata takardar turawa zuwa babban asibiti. Takardar turawa ba sakamako ba ce, farkon tafiya ce.

Mata sukan tambaye ni, in na'ura ce, me ya hana ta gani? Dalilin a jikinmu yake. Nono yana da kitse, yana da tsokar da ke yin ruwan nono. A hoton mamografi kitse yakan fito baƙi-baƙi, tsokar ta fito fari, ƙari ma fari yake fitowa. Macen da tsokar nononta ta yi yawa, wanda ya fi faruwa ga masu ƙuruciya da masu shayarwa, neman ƙari a hotonta kamar neman ƙwayar shinkafa ne a cikin ƙwaryar gari. Shi ya sa ake haɗawa da eko, wadda ke iya bambanta jakar ruwa da dunƙulen nama, kuma ba ta da illa ga mai ciki ko mai goyo. To ga abin da nake so ku riƙe da kyau: in mace tana jin ƙullutu da hannunta, hoto kuma bai nuna shi ba, ba a rufe zance ba. A wajen likitoci abu uku ne ya kamata su yi daidai da juna: abin da hannu ya ji, abin da hoto ya nuna, da abin da gwajin nama ya faɗa. In ɗaya ya saɓa wa sauran, sai an ci gaba da bincike.

Nan ne kuma tsoro ke shigowa. Duk mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na san matan da suka yi tafiya har bakin ɗakin gwaji suka juyo saboda wannan magana. Ku gaya musu allurar gwaji ba ta yaɗa kansa. Abin da ke ba ta damar yaɗuwa shi ne watannin da ake kwashewa ana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ko a kai wa wanzami ya yi sakiya a wurin da ba ƙurji ba ne. Ban raina addu'a ba, ni ma da ita nake kwana nake tashi, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma babu wanda zai san sunan ƙullutu ta hanyar kallo ko taɓawa. Sai an sa naman a ƙarƙashin madubin likita.

Ni kaina na bi ta wannan hanya, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. Na ji wani ɗan tauri a gefen nonona na hagu, wajen hamata, ba ciwo ba zafi. Aka yi hoto, ya fito da lamba 0. Wanda ya miƙo mini ambulan ɗin ta taga ya ce, "Hajiya, ba wata matsala, wani lokaci a sake." Na buɗe a gabansa na karanta, na ce masa, "Ɗana, nan an rubuta a ƙara da eko. Ina ake yi, kuma wa zan kawo wa sakamakon?" Ya dube ni, ya ga ba tafiya zan yi ba, sai ya shiga ciki ya tambayo. Bayan eko aka zuƙi ɗan ruwa da siririyar allura, sakamakon ya dawo cewa abin da aka samu bai isa a yi hukunci da shi ba. Wannan yakan faru da siririyar allura, ba laifin kowa ba ne, amma kuma ba wanke mutum ya yi ba. Aka ce in je in huta. Na ce da likitan, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, abin yana nan, ina jin sa duk wanka. In wannan gwajin bai yi magana ba, wanne ne zai yi?" Sai ya rubuta mini takardar gwajin da ake yi da allura mai kauri, wadda ke ciro ɗan zaren nama.

Bari in faɗa muku yadda ake yin sa, don wadda ta san abin da za ta tarar ba ta cika gudu ba. Na kwanta rigingine, hannuna a bayan kai. Aka shafa maganin tsafta mai sanyi, aka yi allurar kashe zafi, ita kaɗai ce ta ɗan yi yaji. Likita yana kallon allon eko yana tura allurar, sai na ji ƙara, ƙas, na ji an ɗan tura ni, ba wani abu ba. Aka zuba ƴan zarurrukan naman a kwalba mai ruwa, aka rubuta sunana a jiki, aka manna mini filasta. Da ƙafata na fita na hau mota. Jiran sakamako ya fi allurar wuya nesa ba kusa ba. Da ya fito, ƙari ne marar illa. Wasu cikin dangi suka ce, "To kin gani, an yi asarar kuɗi a banza." Ban yarda da su ba, har gobe. Mafi yawan ƙullutun nono ba kansa ba ne, wannan gaskiya ne, amma ba wadda za ta san a wane ɓangare take sai ta kai ƙarshen bincike, kuma barcin da na samu bayan nan ba a sayen sa a kasuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne, ni na iya karatu, na saba tsayawa gaban mutane in yi magana. Yaya ƴar ƙauyen da ta baro gida tun asuba, ta shiga ofis ta tarar da namiji cikin farar riga yana magana da harshen da ba ta ji? An tarbiyyantar da mu kan kunya da kawaici, kuma tarbiyya ce mai kyau a inda ta dace. A gaban likita kuwa kawaici cuta yake jawowa. Mace ta ce "to" alhali ba ta gane ba, ta sunkuyar da kai ta fito. Ku koya wa matanku cewa tambaya ba rashin kunya ba ce. Tana iya cewa, "Likita, ban gane ba, a maimaita mini da Hausa." Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar bisa doka, ba alfarma take nema ba. Kada ta tashi daga kujerar sai ta san gwajin da ke gaba, da inda ake yin sa, da ranar da za ta dawo, a rubuta mata ranar a karne. Ta tambayi abin da za ta yi in ƙullutun ya ƙaru kafin ranar. Amsar ita ce ta dawo nan take, haka ma in fatar wurin ta lotsa ko ta yi kaushi da ƴan ramuka, ko kan nonon ya shige ciki, ko jini ya fito, ko wani ƙullutun ya ɓullo a hamata. In mahaifiyarta ko ƴar'uwarta ta taɓa yin kansar nono, ta faɗa ko ba a tambaye ta ba. In tana jin nauyin namiji, ta nemi a kira ma'aikaciya mace ta tsaya a ɗakin. In kuma hankalinta bai kwanta da abin da aka ce mata ba, ta kwashi hotunanta da takardunta duka ta kai wa wani likitan mata ya duba. Likitan kirki ba ya jin haushin wannan.

Masu shayarwa suna buƙatar kulawa ta daban, don mu nan mace takan kwashe shekaru masu yawa tsakanin ciki da goyo. Duk taurin da ya fito a wannan lokacin sai a ce nono ne ya kwanta, kuma sau da yawa haka ɗin ne. Amma taurin da ya ƙi tafiya bayan an tatsa an gasa, ko kumburi da ja da suka ƙi jin maganin da likita ya rubuta, ba a jira yaye da su. A koma a ce ba a warke ba, a nemi eko.

Ba ni kaɗai ke ganin lokaci ne gaba da komai ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri kan kansar nono, ta kafa ma'auni: daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a gama hoto da gwajin nama a gaya mata abin da ke damun ta, kada a wuce kwana 60. Tana kuma so aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ciwon a gano su tun yana mataki na farko ko na biyu. A 2022 mata miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwo a duniya, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki fiye da 90 cikin 100 suna raye shekara 5 bayan an gano shi, a Afirka ta Kudu kuwa 40 ne cikin 100. Babban abin da ya raba su shi ne lokacin da aka gano ciwon da kuma samun magani. A Nijar ita ce kansar da ta fi kama mata. Wannan kwana 60 ɗin ku riƙe shi a ka. In wata biyu suka cika mace ba ta san matsayinta ba, lokacin ɗaga murya ya yi.

Kuma yau ba kamar da ba ne, da ake ganin ko an gano ba abin da za a yi. A Yamai akwai Cibiyar Yaƙi da Kansa ta Ƙasa, wadda tun 2021 take yin maganin haske, wato radiyoterafi, abin da a da sai an fita waje ake samu. Akwai asibitin haihuwa na Issaka Gazobi da ke karɓar matan da aka turo daga jihohi. Nan Tawa muna da babban asibitin jiha da cibiyar lafiyar uwa da yaro, inda tafiyar ke farawa. Tun 2007 gwamnati ta sa kansar mata cikin abubuwan da ake kula da su kyauta, don haka mace ta je ofishin taimakon jama'a na asibiti ta tambayi abin da ya shafe ta, kada ta yanke wa kanta hukuncin cewa ba ta da hali tun ba ta tambaya ba.

Sai dai kyautar ba ta haɗa da kuɗin kar ba. Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500, a bi Ƙonni, Dogondutsi, Doso, wuni guda a zaune. Ga masauki, ga abinci, ga wanda zai riƙe yara. A nan ne mafi yawan takardun ke maƙalewa, kuma a nan ne nake ganin ƙarfinku ya fi na kowa. Tun 1991 da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi, matan ƙasar nan suka nuna cewa zubin mako-mako yana aurar da ɗiya, yana sayen akuya, yana fitar da gida daga yunwar bazara. Ina roƙon kowace ƙungiya ta yarda cewa kuɗin mota na zuwa ƙarasa gwaji yana cikin abin da asusun taimako zai ɗauka, tun kafin a ce mace tana da kansa. Mun saba haɗa gudummawa in mutum ya kwanta, mu cika ɗaki da dubiya. Jika kaɗan da za a ba ta tana tsaye da ƙafafunta sun fi amfani.

Kada kuma a bar ta ta tafi ita kaɗai. Wadda ke cikin fargaba ba ta jin rabin abin da ake gaya mata. A haɗa ta da wata mai baki, in da hali mai karatu, wadda za ta riƙe ambulan, ta yi tambayar da ita ta kasa yi, ta karɓi lambar wayar wurin da za a bi sawun sakamako. Sakamakon gwajin nama yakan ɗauki makonni, kuma ba kullum ake kiran mutum ba. Sai an bi.

Sauran magana ta mazaje ce. Da yawansu ba mugunta ke sa su hana ba. Sun ji an ce ba a ga komai ba, sai su ga tafiya Yamai ɓarnar kuɗi ce ana tsakiyar hidima. Wata matar kuma ita ke ɓoyewa, don tsoron a ce za a yanke mata nono, ta rasa daraja a ɗakinta, ko kishiya ta ji. Ku ne kuke da girman da za ku shiga gida ku zauna da maigida ku ce, "Malam, likita bai sallame ta ba, aikin ne bai ƙare ba." Ku gaya masa ciwon da aka kama da wuri wani lokaci ƙullutun kaɗai ake cirewa a bar nonon, kuma kuɗinsa da wahalarsa ba su kai na wanda aka bari ya fashe ba. In ya ƙi ji, akwai liman, akwai mai unguwa, akwai yayyensa. Sirrin matar kuma amana ne a hannunku. In labarin ƙirjinta ya zama abin hira a gidan biki, ba wadda za ta sake kawo muku takarda.

Ma'aikatan lafiyarmu suna aiki cikin cunkoso, mutum ɗaya da layi har waje, ban zo in ɗora musu laifi ba. Amma in za ku zauna da su shirin Oktoba mai zuwa, ku nemi abu ɗaya: duk matar da aka ba takardar turawa ko sakamakon da bai kammala ba, a gaya mata da harshenta a fili cewa ba a sallame ta ba, in ta amince kuma a sanar da shugabar ƙungiyarta.

Wadda aka ce wa ta dawo bayan wata 6 a Oktoba, ranarta a Afrilu take faɗawa, tsakiyar zafi, lokacin da ba mai zancen awon nono a rediyo, rumbu kuma ya fara ƙasa. Ku buɗe shafi a littafin ƙungiya, wanda shugaba da magatakarda kaɗai za su gani, ku rubuta sunanta da watan komawarta. In watan ya kama, a cire mata kuɗin mota, a sa wadda za ta raka ta.

Wassalam.

Ƴar'uwarku, tsohuwar malamar makaranta,
Tawa.